Karenmu ya kama aiki, ga godiyata gare ku

Assalamu alaikum jama'a, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne. Ni ne ɗan sandan da aka damƙa wa karen nan da kuka sha jin labarinsa, kuma tun ranar da aka gabatar da shi a harabar ofishinmu nake ta son in zauna in yi wannan rubutu, to amma aiki bai bar ni ba, shi kansa gogan bai bar ni ba, don da asuba yake tashi na kuma ba ya karɓar uzuri. Yanzu dai ya ci jarrabawarsa, an ba mu satifiket ni da shi tare, ya fara fita aiki, saboda haka lokacin godiya ya yi.

Ga waɗanda suka shigo maganar daga tsakiya, bari in koma baya kaɗan. Garinmu ƙarami ne, mu 'yan sandan ba mu da yawa, kasafin kuɗinmu kuwa da an biya albashi an zuba wa motoci mai an yi gyare-gyare shi ke nan ya ƙare. Duk lokacin da muka buƙaci kare sai dai mu buga waya babban birni mu roƙi aro, in nasu yana wani aikin sai mu jira. Kun tuna daren da dattijon nan mai ciwon mantuwa ya buɗe ƙofa ya fice, muka kwana muna haske-haske da tocila, karen aro bai iso ba sai da rana ta ɗaga sosai, kuma kafin nan mutane da kyakkyawar niyya sun tattake duk inda ya bi. Mutum in yana tafiya yana zubar da ɓurɓushin fatarsa ne wanda ido ba ya gani, ciyawar da ya taka ita ma tana fitar da nata warin, abin da kare ke bi ke nan, amma rana da iska da ƙafafun jama'a suna cinye wannan sawun awa bayan awa. Allah ya yi da sauran kwanan dattijon aka same shi da rai. 'Yarsa ce ta miƙe a zaman majalisar gari ta ce me zai hana mu mallaki namu, daga nan magana ta tashi. Baiwar Allah, kin ce kar a ambaci sunanki, ban ambata ba, amma ke kika kunna wannan fitila, Allah ya saka miki da alheri ya ƙara wa Baba lafiya.

Na gode wa 'yan kwamitin da suka yi ta yawo gida gida da littafin rasit ba tare da an biya su ko sisi ba. Na gode wa masu shaguna da suka ajiye akwatin gudummawa a gabansu, da malaman makaranta, da ɗaliban da suka yi wankin mota a ƙarshen mako suka kawo abin da suka samu. Sunan nan ma da kuke jin ina kiransa da shi yaran firamare ne suka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, an ce har da rigima a wani aji. Akwai wata tsohuwa da ta zo ofis da ambulan a ƙulle cikin hankici, ta ajiye a kan kantar ofis ta ce ita fa tsoron kare take yi tun tana yarinya kuma har ta mutu ba za ta taɓa shi ba, amma tana da jikoki masu yawon tsiya, in ɗaya ya ɓace tana so a samu abin nemansa. Mama, Allah ya raya miki su, ya sa kar ranar ta zo.

Mutane da yawa sun ɗauka da an sayi kare an gama, wallahi ni ma kafin in je horo ban san kuɗin karen shi ne ƙaramin ɓangare ba. Motar kaɗai aiki ce. Sai da aka cire kujerar baya gaba ɗaya aka kafa keji na ƙarfe, aka sa fanka a taga, aka sa kwanon ruwa wanda ba ya zuba in an taka birki, sannan aka haɗa na'urar da ke auna zafin cikin motar. Kare ba ya gumi kamar mu, ta haki yake sanyaya jikinsa, zafin jikinsa na lafiya tsakanin digiri 38 ne zuwa 39, da ya haura 41 an shiga haɗari, mota kuma in an rufe ta a rana tana iya ƙara kusan digiri 10 cikin minti 10 kacal. Karnukan 'yan sanda da dama a duniya ba ɓarawo ne ya kashe su ba, motar aikinsu ce, esi mai sanyaya motar ya mutu mai karen yana cikin ofis bai sani ba. Na'urar nan in zafi ya kai wani mataki da kanta take sauke gilasai, ta kunna fanka, ta yi ta danna hon, ta kuma turo min saƙo a wata 'yar na'ura da ke maƙale a ɗamarata. Mai waldan da ya ƙera kejin da bakaniken da ya ja wayoyin duk sun ƙi karɓar kuɗin aiki, kayan kawai aka saya. Ranar gwaji mai waldan da kansa ya shige kejin ya kwanta yana shafa kowane lungu da tafin hannu wai kar a bar tsinin da zai yanki karen a ƙafa. Maigida, na ga wannan, ban manta ba.

Likitar dabbobi kuwa ban san ta inda zan fara ba. Ita ta duba hotunan ƙashin ƙugu da gwiwar karen kafin a biya kuɗi, don manyan karnuka suna yawan samun matsalar ƙugu kuma in ba a duba ba sai a sayi kare ya gurgunce tun bai yi rabin aikinsa ba. Ita ta koya min kar in ciyar da shi dab da gudu ko bayan gudu nan take saboda cikin babban kare yana iya kumbura ya murɗe, abin da ke kisa cikin 'yan awanni. Ta sa min maganin naloxone a jakar motar ta nuna min yadda ake ba shi in ya shaƙi ƙwaya mai ƙarfi wajen bincike. Ta kuma ɗauki nauyin rigakafinsa da duba lafiyarsa kyauta. Likita, Allah ya biya ki.

To yanzu ga waɗanda na fi son in gode wa, kuma na san wasu abokan aikina za su yi mamaki: waɗanda suka ƙi yarda da farko. An yi zama mai zafi, wasu har suka fice a fusace. Wani bawan Allah ya miƙe ya ce shi ba zai ba da kuɗinsa a sayo abin da za a riƙa sakar wa 'ya'yan talakawa ba, ya ce duk inda aka ba hukuma kare mai cizo wata rana sai an yi kuka. A lokacin raina ya sosu, amma maganarsa ce ta sa kwamiti ya zauna ya tambayi kansa wai me muke nema ne takamaimai. Amsar ita ce hanci muke nema, ba haƙori ba. Shi ya sa ba a ɗauko irin karen Jamus ɗin nan da kuke gani a fim ba, wanda wani Bajamushe, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyar kiwonsa a 1899, ba a kuma ɗauko Malinois na Beljiyam ba, duk da su ne aka fi sani da aikin sintiri da kamun mai laifi, kuma a can Beljiyam ɗin ne ma, a birnin Ghent, aka fara horar da karnukan 'yan sanda a tsare a wannan shekara ta 1899. Mu Labrador muka ɗauko, irin da aka kiwata a Ingila daga karnukan masunta na Newfoundland a Kanada, aikin kakanninsa ɗauko abu ya kawo ne. Ba a koya masa cizo ba kuma ba za a koya masa ba, an rubuta wannan a takarda majalisa ta sa hannu. Aikinsa biyu ne, bin sawun wanda ya ɓace da gano miyagun ƙwayoyi. Na ji masu cewa wannan ai karen wasan yara ne, kunnuwa a laɓe sai kaɗa wutsiya. Haka ne, kuma yaron da ya kwana a jeji a firgice irin wannan fuskar ya kamata ya fara gani.

Wata malama kuma ta kawo maganar da ta fi wannan nauyi. Ta ce ta yaya za mu tabbata karen ne ya ji wari, ba ɗan sandan ne ya so a caje mutum ba sai karen ya bi ra'ayinsa? Gaskiya ta faɗa. A 2011 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada masu karnuka 18 tare da karnukansu, aka ce musu an ɓoye abu har aka liƙa jar takarda a wasu wurare a matsayin alama, alhali babu ƙwaya babu abin fashewa ko ɗaya a ginin, amma sai da aka samu nuni na ƙarya sama da 200, kuma ya fi yawa a wuraren da mutanen suka yi zaton akwai abu. Kare yana karanta mai shi fiye da yadda mai shi ke karanta shi, ka ɗan rage tafiya ko ka ɗan ja igiya ya gane. Saboda tambayarki malama, yanzu a horonmu wanda ya ɓoye abin ba ya cikin ɗakin, ni ban san inda yake ba, wani lokacin ma babu komai a ɗakin kuma dole karen ya fito bai nuna komai ba. Duk fitar da muka yi ana rubutawa, inda ya nuna aka samu da inda ya nuna ba a samu ba, kuma littafin a buɗe yake ga majalisa. Na gode da ba ki yi shiru ba.

Da za ku ga yadda yake aiki kusa da kusa da kun ƙara jin daɗin kuɗinku. An ce hancin kare na iya ɗaukar ƙwayoyin jin wari har miliyan 300, namu kuwa wajen miliyan 6 ne, sannan ku lura da 'yar tsagar da ke gefen hancinsa, ta nan iskar da ya fitar ke bi don kar ta kore warin da ke gabansa. In na ɗaura masa ɗamarar aiki sai ya zama wani daban, wutsiya ta miƙe, baki ya rufe, numfashin ya koma gajere gajere da sauri kamar ana buga keken ɗinki. A jarrabawar ƙarshe wanda ya ɓuya ya tsallaka kwalta ya bi ta bayan wani gini, karen ya zo bakin kwaltar sawu ya ɓace masa, ya ɗaga kai ya yi da'ira, ya sake yin wata mai faɗi, ni dai ina riƙe da doguwar igiya na kame bakina zuciyata na dukan uku uku, can sai na ga kansa ya fizgu gefe guda kamar an ja shi, ya sa hanci ƙasa ya ja ni. In ƙwaya ya samu ba ya haushi ba ya tono, zama yake yi ya ƙura wa wurin ido. Kuma duk wannan wahalar ladanta ƙwallo ce guda ɗaya mai igiya, ta tsufa ta yi baƙi, ita yake wa aiki, a wurinsa duk abin wasa ne.

Akwai waɗanda suka tambaya to bayan an gama biki wa zai ci gaba da ciyarwa, su ma tambayarsu a kan hanya take. Horo ba ya ƙarewa, a Amurka awa 16 a wata ake ba da shawarar a riƙa yi don kar kare ya manta, mu ma haka muka ɗauka, ga sabunta satifiket, ga abinci, ga magani. Irin waɗannan karnuka sukan yi ritaya ne suna da shekara 8 zuwa 10, kuma in lokacin ya yi a gidana zai zauna, an riga an yi wannan magana. Ragowar kuɗin gudummawa yana asusu na daban wanda ba a taɓawa sai don karen, majalisa kuma ta yarda ta sa abincinsa da horonsa cikin kasafin baɗi. Yallaɓai shugaban ofishinmu da 'yan majalisa, ranku ya daɗe, na gode. Lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe yana manne a allon sanarwa na ofis tare da kwafin rasit, duk mai so ya zo ya duba, ba sai ya nemi izini ba.

Sai uwargida da yara, waɗanda aka kawo musu baƙo ba shawara, ya cinye takalma ya haƙe tsakar gida, kun yi haƙuri, Allah ya bar mu tare. Maƙwabtana ma haka, na san haushin daren farko bai yi muku daɗi ba.

Roƙona kaɗan ne. In kun gan shi da ɗamara a jikinsa yana aiki ne, kar a kira sunansa, kar a yi masa fito, kar a miƙa masa abin ci ko da kuwa ya yi muku kallon tausayi, ya iya wannan sosai. In babu ɗamara ku tambaye ni tukuna sannan yara su shafa shi. Mai tsoron kare kuma ya faɗa min kawai, zan janye shi, ba abin kunya ba ne. Abu mafi muhimmanci, in wani naku ya ɓace, yaro ko tsoho, ku kira mu nan take kar ku ce bari a gama dubawa tukuna, ku hana mutane tattake inda aka gan shi na ƙarshe, ku nuna mana rigar da ya cire ko matashin da ya kwana a kai amma kar kowa ya taɓa, mu za mu ɗauka da kanmu.

Waɗanda suka rubuta sunansu za su riƙa ɓuya mana a lokacin horo, zan kira ku ɗaya bayan ɗaya, muna buƙatar manya da matasa da tsofaffi masu ƙarfin tafiya don kar ya saba da warin mutum ɗaya. Ku zo da tsofaffin kaya, in ya same ku sai ya yi muku dumu-dumu da yawu.