Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gangaren Aƙaba

A makon jiya na tsaya inda Inna ta ƙulle mini 'yan kayana a ɗankwali, ta sa ni a mota daga Mai Wurno zuwa Madani, wajen Kawu. Masu tambaya ko shi ne mahaifin Yaya Babba, e, shi ne.

Kawu yana da Bedford guda ɗaya, irin wadda ake kira Sifinja. Na fara bin ta a matsayin karen mota a 1973, shekarar da gwamnatin Numeiri ta Sudan ta mayar da tuƙi daga hannun hagu zuwa dama. Doka ta canza, motoci ba su canza ba. Sitiyarinmu yana dama, don haka direba ya koma can gefen titi, ba ya hango abin da ke tahowa idan zai wuce wata motar. Ni ne idonsa. In leƙa ta tagar hagu in ce, "Kawu, da mota," ko in ce, "Kawu, bismilla." Ran mutum uku da lodin mutane a bakin yaron da ko gemu bai fara ba. Tun daga nan na san tuƙi ba abin wasa ba ne.

Na daɗe ban taɓa sitiyari ba. Wanki, zuba ruwa a lagireto, shafa giris, dafa shayi, da dirowa a guje in tokare taya da kututture idan mun tsaya a kan tudu. Ranar da Kawu ya ga dama, a wani fili bayan Gadarif, sai ya ce, "Kai yaro, cire takalminka ka hau." Ƙafa ba takalmi ya sa na taka kuloci. Ya ce in riƙa sakinsa a hankali har in ji inda motar ta fara rawa a tafin ƙafata, sautin inji ya ɗan dushe, nan ne ta kama. Daga nan sai totur kaɗan. Kuma da ta tashi, a ɗauke ƙafa gaba ɗaya, domin mai jingina ƙafa a kan kuloci yana cinye farantin ne bai sani ba. Akwatin giyarmu ya tsufa, sai an taka kuloci sau biyu: ka taka ka fitar da giya, ka saki, ka ba inji wuta idan ƙasa za ka dawo, ka sake takawa sannan ka shigar. Idan gudun inji da na taya ba su daidaita ba, haƙoran giya su yi ƙara, Kawu kuwa ko kallona ba ya yi, sai dai ya ce, "Ta gaya maka."

Amma maganarsa da ta zauna mini ita ce ta gangara. Kullum yana cewa, "Giyar da ka hau tudu da ita, da ita ake sauka." Duk wanda ya ɗauki riɗi ko dawa daga Gadarif, ya bi ta Kasala da Haiya zuwa Bur Sudan, ya san Aƙaba, inda hanya ke barin Sinkat ta gangaro daga duwatsu zuwa Suwakin, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Kafin mu fara sauka Kawu yakan tsaya, in zagaya in taɓa kowace taya, in duba man birki. Sai ya sa lamba biyu, wani wurin lamba ɗaya, inji yana kuka yana riƙe motar, birki sai ɗan taɓawa a saki. Dalilinsa a fili yake. Birki da gogayya yake aiki, gogayya kuwa zafi take haifarwa. Ka danne shi tun daga sama da lodi a bayanka, gangunan su yi zafi, man ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa ba komai. A lokacin kuma gudu ya yi yawa, giya ba za ta shiga ba.

Bara, nan Jidda inda yaƙin Sudan na 2023 ya kawo mu wajen 'yata, jikana ya ɗauko mu daga Ɗa'ifa ta hanyar Hada mai gangarowa daga duwatsu. Motarsa mai canza giya da kanta ce. Tun ba mu yi nisa ba na ji warin birki. Na ce ya tsaya. Ya ce, "Kaka, ai wannan ba irin taku ba ce." Na nuna masa ƙananan giyoyin da ke jikin sandar, waɗanda bai taɓa sawa ba tun da ya karɓi lasisi. Yaron kirki ne, yana tsoron kyamarar Sahir mai kama masu karya dokar hanya, ba ya wuce jar wuta. Amma tsoron tara daban, sanin mota daban. Na maimaita masa maganar Kawu kamar yadda aka faɗa mini.

In koma baya. Da ciwon suga ya ci idon Kawu, kowa a tasha ya ɗauka ni za a ba motar. Na riga na sami lasisina da gumina, an gwada ni a kan tudu, na tashi mota ba ta ja da baya ko taki ɗaya ba. Sai dangi suka taru a zaure suka ce ɗa yana nan, ba a ba ɗan 'yar'uwa. Yaya Babba bai taɓa kwana a ƙarƙashin mota ba. Lasisinsa wani ne ya tsaya masa, kowa ya sani. Na je na durƙusa na ce, "Kawu, ko ba a ba ni ba, a bar ni in zauna gefensa shekara guda." Kawu ya yi shiru, matarsa ce ta amsa daga bayan labule, ta ce hassada ce.

Ba a rufa shekara ba Yaya Babba ya sauko Aƙaba a lamba huɗu, wai yana tattalin mai. Shi ya fita da karayar ƙugu. Karen motarsa, yaro daga unguwarmu, maraya, yana saman buhuna. Ni na je Suwakin na karɓo gawarsa, ni na tsaya gaban kakarsa.

Dangi suka ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa musunta ta ba. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Yaya Babba a gidan Kawu ya tashi, maganar giyar nan ya ji ta fiye da yadda na ji ta. Har Kawu ya koma ga Allah ba wanda ya zo ya ce mini, "Ka faɗa, ba mu ji ba." 'Ya'yansa suna karanta wannan, na sani, kuma ban rage komai ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda wani attajirin Kasala ya ba ni motarsa, da daminar da muka maƙale a baƙar laka tsakanin Gadarif da Hawata.