Abin da aiki da tsohuwar manhajar kwastomomi ya koya mini

Duk babban kamfanin da ya kwana biyu yana kasuwanci yana da wata manhaja da ake zuba labarin kwastomomi a cikinta: wa ya kira, me ya saya, wane ƙorafi ya kawo, wa ya yi masa alƙawari bai cika ba. Ita ce ake ce wa CRM. Na daɗe cikin masu kula da irin wannan manhaja, tsohuwa tukuf, wadda aka girka tun kafin a ɗauki yawancin masu amfani da ita aiki. Kukan da aka fi kawo mana shi ne tana da nauyi, kuma fuskarta ta tsufa. Gaskiya ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Sai ka duba wa aka ƙera ta dominsa. Kamfanin Siebel, wanda ya yi tashe a wannan fanni, an kafa shi a 1993, Oracle kuma ya kammala sayensa a 2006 kan sama da dala biliyan 5. Microsoft ya fito da tasa a 2003. A wancan zamani mai sa hannu a biya kuɗin manhaja shugaban sashen ciniki ne, abin da yake so kuwa rahoto ne: cinikin da ke tafe, wanda ya kuɓuce, da ma'aikacin da ke jan ƙafa. Ma'aikaciyar da za ta wuni tana amsa waya tana buga bayanai ba ta cikin ɗakin da aka yi shawara.

Na gane haka sosai ranar da na zauna kusa da wata mai amsa kiran kwastomomi. Mutum yana kan layi yana faɗa, ita kuma allo ya ƙi barinta ta rufe ƙorafin sai ta cike duk gurbin da aka sa wa jan tauraro. A gurbin adireshi ta buga ɗigo ɗaya. A jerin "dalilin kira" ta danna na farko ba tare da ta karanta ba, domin jerin ya yi tsawo, wani kiran kuma yana jira. Ba lalaci ba ne. Da saurin gama kira ake auna ta. A ƙarshen wata rahoto ya hau sama yana cewa mafi yawan ƙorafe-ƙorafe na wannan rukuni na farko ne, manya suka zauna taro a kansa da gaske. Tun daga nan, duk wanda ya zo yana so a ƙara gurbin dole, tambayata ɗaya ce: wa zai karanta abin da aka rubuta, kuma wace shawara zai yanke da shi? Da muka bi tsofaffin guraben da wannan tambaya, da yawansu ba su da mai su. Wanda ya nema ya bar aiki tuntuni, gurbin ya zauna yana cin lokacin mutane.

Sai maimaituwar suna. Binciken tsofaffin manhajoji yakan nemi ka rubuta abu daidai yadda aka adana shi. Harafi ɗaya ya bambanta, ko an sa lambar ƙasa a gaban lambar waya a nan, can ba a sa ba, sai ta ce babu wannan mutum. Ma'aikaci ba zai tsaya jayayya da na'ura ba, sabon fayil zai buɗe. Nan da nan kwastoma ɗaya ya zama uku: bashinsa a ɗaya, ƙorafinsa a ɗaya, sabuwar lambarsa a ɗaya. Haɗe su daga baya aiki ne mai cin rai, saboda kowane fayil yana rataye da rasitai da kwangiloli. Gyaran mai arha tun a bakin ƙofa yake: a daidaita tsarin lambar waya lokacin shigarwa, bincike ya riƙa kawo sunaye masu kama, manhaja ta yi gargaɗi kafin a buɗe sabon fayil.

Abin da ya fi ɗaure irin waɗannan manhajoji shi ne kwaskwarimar da kamfani ya yi musu da hannunsa. Kowane sashe ya nemi a lanƙwasa masa ita yadda ya saba aiki, injiniyoyin haya suka rubuta, suka karɓi kuɗinsu, suka tafi ba su bar bayanin abin da suka yi ba. Ta koma kamar gidan da kowa ya ƙara ɗaki inda ya ga dama, har ba wanda ya san bangon da ke riƙe da rufin. Idan masu manhajar suka fitar da sabon zubi, ba a iya hawa kansa, don ba a san me zai karye ba. Sai a yi ta ɗagewa. Manhajojin kamfanoni da yawa na wancan lokaci da wata fasahar Microsoft mai suna ActiveX suke aiki, wato ba sa buɗuwa sai a cikin burauzar Internet Explorer. Microsoft ya daina tallafa wa wannan burauza a yawancin kwamfutocin Windows 10 ranar 15 ga Yuni, 2022, masu ɗagewa suka wayi gari suna lallaɓawa da wata kafa da aka bar musu a cikin Edge, sabuwar burauzar Microsoft. Ni dai ra'ayina, idan tsarin aikin wani sashe ya saɓa da yadda manhaja ta zo, a fara tuhumar tsarin aikin kafin a taɓa manhajar.

Akwai kuma jinkirin labari. Manhajar kuɗi da ta kwastomomi cikin dare suke musayar bayanai, sau ɗaya. Mutum ya biya da safe, da rana a kira shi ana tuna masa bashi. Wannan ba sai an yi dogon bayani ba.

Idan kana so ka san abin da manhajarku ta gaza, kada ka raba takardar jin ra'ayi, ka roƙi masu tallace-tallace su nuna maka takardar lissafi ta Excel da suke ɓoyewa. Kusan kowannensu yana da ita, kuma a nan ainihin aikin yake: wa za a kira gobe, wa ke da ikon amincewa da ciniki, wa ba ya son a dame shi da safe. Duk layin da ke cikin wannan takarda wata bukata ce da manhajar ba ta biya ba, ko ta biya amma sai an danna wuri goma, ko ba ta buɗuwa a waya alhali mai tallan a hanya yake wuni.

An kuma gina tsofaffin manhajojin ne don su riƙe komai har abada. Da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta ba mutum damar neman a goge bayanansa, sai aka ga cewa "gogewa" a tsofaffin manhajoji sau da yawa ɓoyewa ce kawai. Sunan yana nan a rumbun bayanai, da cikin saƙonnin da aka liƙa, da kwafin da injiniyoyi ke gwaji da shi.

Duk lokacin da aka gaji, sai wani ya ce a koma sabuwa, irin waɗanda ake haya ta intanet, hanyar da kamfanin Salesforce ya kama tun 1999. Ban ƙi ba. Amma idan aka kwashi guraben da ba su da mai su da fayilolin da suka maimaitu aka juye a sabuwa, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago, ga kuɗin haya duk shekara a kan kowane ma'aikaci. Abin da kuma masu aikin ƙaura suka fi saurin cewa a bari a baya shi ne gurbin "ƙarin bayani", don ba shi da tsari. A nan ne masu amsa waya suka yi shekaru suna rubuta abin da ya faru da gaske, da bakinsu. Kafin a yarda a zubar da shi, sai an sa mutum ya zauna ya karanta na manyan kwastomomi, ɗaya bayan ɗaya.