Abin da saran kububuwa ya koya mini a ɗakin jinya

Da zarar an shiga girbin gero da cirar gyaɗa, mu ma'aikatan jinya a karkarar Gombe mun san abin da ke tafe. Manomi ya zura hannu ƙarƙashin dami, ko yaro mai kiwo ya ratsa ciyawa ba takalmi, sai sara. Duk ƙanƙantar kububuwa, ta fi kasa da gamsheƙa kawo mana mutane.

Aikin nan ya koya mini kada in yarda da fuskar wanda ta sara. Yakan shigo da ƙafarsa, yana amsa gaisuwa, in ban da kumburi ba ka ganin komai, alhali dafin na can yana cinye abin da ke sa jini ya daskare. Shi ya sa muke ɗibar jini kaɗan mu zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, mu ajiye ba mai taɓawa har minti 20. In aka karkata ta jinin ya kwarara, to ba sauran jira, sai allurar maganin dafi. Gilashi fa, domin kwalbar roba takan ba da amsar ƙarya. Bayan awa 6 a sake gwadawa, in jinin bai kama ba a ƙara magani. Wanda aka sallama saboda ya ce ya ji sauƙi, ana iya dawo da shi jini na fita ta dasashi, wani ma ya zuba a ƙwaƙwalwa.

Jinkiri ne ya fi ci mini rai. Kafin a iso wurinmu an ɗaure ƙafa da igiya tamau, an tsaga wurin da reza, an manna baƙin dutse, an kwana wajen mai magani. Ba na ganin laifin 'yan uwa. Hanya da nisa, allurar da tsada, kuma sun sha ganin wanda ya warke a gida, ba su san ba kowane maciji ke da dafi ba, mai dafin ma ba kullum yake zuba shi ba. Faɗa ba ya gyara wannan. Nakan zauna da babban cikinsu in ce: Baba, in an sake, a cire zobe da duk abin da zai matse, kada ya yi tafiya da ƙafar, kada a ba shi asfirin, a ɗauko shi nan ko a wuce asibitin masu saran maciji na Kaltungo.

Na kuma koyi karanta takardar jikin kwalbar maganin dafi. Maganin da aka yi domin macizan Indiya ba abin dogaro ba ne a kan kububuwarmu. Maganin da ake kira EchiTAb kuwa da dafin macizan Najeriya aka haɗa shi, iri ɗaya a Birtaniya daga jinin tumaki, ɗayan a Kosta Rika daga jinin dawaki. Tunda daga jikin dabba ya fito, wani jikin kan ƙi shi, don haka ba na fara ɗura shi sai allurar adirenalin na kusa da hannuna. Yaro kuma ba a rage masa maganin dafi: dafin da maciji ya zuba masa shi zai zuba wa babba, sai a ba shi daidai da na babba, a tsaya a kansa sosai domin jikinsa ƙarami ne.