Abin da takardun lanho suka ɓoye wa na'ura

Ranar da na kai wa maigidana taswirar farko ta samun kuɗin unguwannin Zinder, bai ce uffan ba sai da ya shanye shayinsa. Sannan ya ɗora yatsa a kan wata unguwa da na shafa wa jan launi, alamar talauci, ya ce: "Kai yaro, ka san Alhazai nawa ne a nan suke loda tirela zuwa Kano kowane mako?" Na ce, "Malam, ba ni na faɗa ba, na'ura ce." Ya ce to na'urar ba ƴar Damagaram ba ce.

Ƙaramin ofishin bincike ne nake wa aiki a nan Zinder, kuma ni na kawo maganar tun farko. Na ga yadda ake haɗa manhajojin AI da rumbunan bayanai ta hanyar wani tsari da ake kira MCP, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024. Manhajar tana zama kamar ɗan aike: ka tambaye ta da bakinka, ita kuma ta zaɓi kayan aikin da ya dace, ta je ta ɗebo alƙaluma, ta dawo ta yi maka bayani. Wasu sun gina irin waɗannan kayan aiki a kan bayanan haraji, har mutum ya iya tambayar yadda samu ya rarrabu tsakanin mazauna wani yanki, ya ji amsa kafin ruwan shayi ya tafasa.

Da alƙaluman Faransa na fara gwadawa, kuma abin ya burge ni ƙwarai. Hukumar ƙididdigarsu, INSEE, tana da kundin da ake kira Filosofi, wanda ke haɗa takardun haraji da na tallafin gwamnati, ya ba da samun gidaje gari-gari. A Amurka ma hukumar haraji ta IRS tana wallafa irin wannan bisa lambar gidan waya ta kowane yanki, an kasa mutane rukuni-rukuni, daga masu ƙasa da dala 25,000 a shekara zuwa masu dala 200,000 ko fiye. Sai na ce a raina, me zai hana Zinder? Muka samu wani tsohon jeri na masu biyan haraji da aka goge sunaye daga cikinsa, aka ba mu don nazari kawai. Na kwana biyu ina gyara shi, na ɗaura masa kayan aikin, na fara yi wa ɗan aiken tambayoyi.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne dalilin da ya sa abin yake aiki a can. A Faransa kusan kowane gida yana cike takardar bayyana samunsa duk shekara, ko da ba zai biya ko sisi ba, don haka talaka ma yana cikin kundin. A nan kuwa wa ke ciki? Malamin lakwal, ma'aikacin asibiti, ma'aikacin matatar SORAZ, duk wanda ake cire wa harajin albashi tun kafin kuɗin su iso hannunsa. Sai ƴan kasuwa masu NIF, wato lambar rajistar haraji. Shi ke nan fa. Mai kilishi, baduku, ɗan kabu-kabu, matar da ke tuyar ƙosai a ƙofar gida, dillalin dabbobi da ke ƙulla cinikin miliyoyi a ƙarƙashin babbar riga, waɗannan ko dai ba sa ciki sam, ko kuma abin da aka rubuta a kansu kuɗin tikitin kasuwa ne ko harajin da aka yanka musu da ƙiyasi, wanda bai nuna abin da ke shiga aljihunsu ba. Balle wanda dukiyarsa buhunan gero ne a sito, da shanu a wajen Tanut, da naira a hannun ɗan'uwa a Mai'aduwa. Saboda haka unguwar da malaman makaranta suka yi yawa ta fito a matsayin ta masu hannu da shuni, su da ke jiran ƙarshen wata da bashin mai shago a wuya.

Kuskuren ma bai dame ni kamar yadda na'urar ta faɗe shi ba. Faransanci ne tsaf, jumla a kan jumla, ba ko ɗar. Da ɗalibi ne ya kawo mini wannan amsa, da na ga yana sosa ƙeya na gane akwai magana. Ita ba ta da ƙeyar sosawa. Guga aka zura mata a rijiya ɗaya, abin da ke ciki ta ɗebo, kuma laifina ne, don a bayanin da na rubuta wa kayan aikin cewa na yi "samun mazauna unguwa". Ɗan aiken wannan bayani yake karantawa don ya san abin da ke hannunsa. Na faɗa masa ƙarya, shi kuma ya isar da saƙo da amana.

Akwai kuma ƙaramin abu na lissafi da na sani tun a jami'a amma na bari ya kuɓuce mini. A ce mutum tara suna samun jika talatin-talatin a wata, na goma yana samun miliyan uku. In ka tara ka raba, kowa ya tashi da jika 327, adadin da babu ko mutum ɗaya a cikinsu da yake samu. In an jera su daga ƙarami zuwa babba, samun wanda ke tsakiyar layi shi ne ya fi kusa da gaskiya, kuma sai ka umarci kayan aikin ya ba da shi, in ba haka ba raba-daidai zai kawo.

Maganar sirri kuwa abokiyar aikina ce ta taso da ita. Ta ce, "Yaya, ka goge suna, amma in layi ɗaya ya nuna babban mai biya guda a unguwa kaza, yaron da ke tallar ruwa ma ya san gidan." Gaskiya ta faɗa. Ko IRS ba ta fitar da yankin da takardun harajinsa ba su kai 100 ba, sai ta cusa shi cikin wani rukuni na gama-gari. A garin da kowa ya san kakan kowa, daga Birni har Zango, goge suna kaɗai bai rufa wa kowa asiri ba. Muka sa ƙa'ida: duk rukunin da mutanensa suka yi kaɗan, kayan aikin ya ƙi ba da amsa.

Na sake rubuta bayanin. Yanzu yana cewa wannan albashin da aka bayyana ne da harajin masu rajista, na shekara kaza, bai ƙunshi noma, kiwo da ƙananan sana'o'i ba, kuma kada a yi amfani da shi wajen jera unguwanni daga mai arziki zuwa matalauciya. Na ƙara masa alƙaluman binciken rayuwar gidaje da hukumar ƙididdiga ta Nijar, INS, ta yi a 2018 zuwa 2019 da kuma 2021 zuwa 2022, wanda ke auna halin gida da abin da ya ci da abin da ya kashe maimakon abin da ya samu. Shi ma iyakarsa jiha, bai sauko unguwa ba, kuma na rubuta hakan.

Da na sake yi masa tambayar farko, sai ya ce bayanan da ke hannunsa ba za su iya nuna wace unguwa ta fi wata samu ba. Na kai wa Malam. Ya karanta, ya miƙo mini takardun tambayoyi da kuɗin mai, ya ce gobe da sassafe in fara daga Kasuwar Dole.