A kan tebur bindigar fentina ta mutu, ba a filin wasa ba

Ƙannena masu shigowa wasan fentibol, wato wasan harbin juna da ƙwallayen fenti, musamman ku da kuka fara riƙe bindiga mai aiki da lantarki da iska, ku ɗan ba ni aron kunnenku. Bindigata ta sha faɗawa cikin laka, ruwan sama ya sha dukanta, an ma taɓa taka ta, ko gezau ba ta yi ba. Ranar da ta mutu, a kan tebur ta mutu, ƙarƙashin fitila, da alanki a hannuna. Ni na kashe ta, ina ganin gyara nake yi.

Sai kun san abin da ke cikinta kafin ku gane wautar da na tafka. A bindigar da ba ta da lantarki, yatsanka ne ke sakin guduma da sifirin. A wannan kuwa kunama ɗan maɓalli kawai take taɓawa. Maɓallin ya sanar da allon lantarki, allon ya ba solenoyid, wato ɗan bawul mai aiki da lantarki, wuta daga batir, solenoyid ya buɗe wa iska hanya na ɗan ƙiftawar ido, iskar ta tura bolti, wato sandar da ke kai ƙwallon fenti cikin bututu, sannan ta hura shi waje. Tun da bindigar Shocker ta fito a Amurka a 1996, Angel ta Ingila ta biyo bayanta, dabarar ba ta sauya sosai ba. Iri biyu ne manya: akwai masu guduma da ke bugun bawul, irin su Ego da Intimidator, akwai kuma waɗanda iska ce kaɗai ke kai bolti gaba ta maido shi, irin su Matrix da Geo da Ion. Tawa ta kashi na biyu ce, ta hannu na saya, kuma rayuwar irinta duk tana rataye ne a kan wasu 'yan zobban roba da ke kewaye da boltin.

Wata uku na yi da ita lafiya lau, ban taɓa buɗe ta ba. Sai ta fara wani hali: in ta ɗan huta, harbin farko sai ya fito ba ƙarfi, ƙwallon ya faɗi kusa da ƙafata, na biyu da na uku su tafi daidai. A na'urar auna gudu kuma lamba ta riƙa tsalle, yanzu ƙafa 285 a sakan, an jima 260. Yau da na sani, wannan ciwo biyu ne ke kawo shi galibi: zobban roba sun bushe suna kama bolti, ko batir ya yi sanyi ya kasa jan solenoyid da ƙarfi. Maganinsa giris kaɗan da sabon batir mai volt 9. Ni kuwa sai na ce ai bindigar ce ta tsufa, tana son a ƙara mata kaya.

Na sayo sabon bolti na wani kamfani daban. A daren da na sa shi na shiga allon lantarki na fara wasa da duwel, wato tsawon lokacin da solenoyid ke zama a buɗe, wanda ake ƙirgawa da milisakan. Na ji manya suna cewa in ka rage shi iskar da ke cikin tankinka za ta fi daɗewa. Gaskiya ne, amma da iyaka. Na yi ta ragewa ina jin daɗin yadda ƙararta ke laushi, ban rubuta lambar da na tarar ba. Da na gwada, gudu ya faɗi ƙasa da 240, don boltin ba ya samun lokacin kammala tafiyarsa kafin a yanke masa iska. Maimakon in koma baya, sai na ɗauki alanki na murɗa regileta, mai daidaita matsin iskar da ke shiga bindigar, na ƙara matsin. Gudu ya ɗan ɗaga. Na ƙara murɗawa. Irin waɗannan bindigogi yawanci tsakanin psi 100 da 200 suke aiki (psi ma'aunin matsin iska ne), kuma solenoyid abu ne marar ƙwari, yana da iyakar abin da zai ɗauka. A murɗawa ta uku na ji wani siririn sauti, sssss, daga cikin mariƙi, daidai ƙarƙashin tafin hannuna. Na cire murfin roba na kara kunne. Solenoyid ne ke yoyo. Cikin dukkan kayan cikin bindigar, shi da allon lantarki ne suka fi tsada, na kuma kashe shi a dare ɗaya don neman maganin ciwon da ɗan giris a kan yatsa zai warkar.

Wani dattijo cikin masu wasa, wanda ya riga ni shiga harkar da shekaru, shi ya tashe ta. Bai yi mini faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗa ciwo. Tambaya ɗaya ya yi: «Ƙanena, me da me ka taɓa?» Na fara lissafi, bolti, duwel, regileta, har da sukurorin kunama. Ya ce to yanzu a cikin huɗun nan wanne ne ya kawo wanne? Na yi shiru. Ya sa sabon solenoyid, ya maido da tsohon boltin da na raina, ya mai da allon kan saitin kamfani, ya sassauta regileta har ƙasa sannan ya riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, yana harbi biyu ko uku bayan kowace murɗa don matsin ya zauna. Lamba ta tsaya cak: 282, 280, 283. Tun daga ranar abu ɗaya nake sauyawa a lokaci guda, in gwada a na'urar auna gudu, in rubuta a ɗan littafi, sannan in taɓa na gaba.

Da na koyi cewa giris ne magani, sai na faɗa ramin da ke ɗaya gefen. Na riƙa cusa shi kamar mai yaɓen bango. Giris in ya yi yawa yakan toshe 'yan ƙananan hanyoyin iska, ya kai har cikin solenoyid, lokacin sanyi kuma ya yi kauri boltin ya riƙa jan ƙafa. Abin da ake so shi ne zoben ya yi sheƙi kawai, ba ya yi tuwo ba. Ka goge tsohon tas da ƙyalle marar zare, ka shafa sabon da ɗan yatsa. Kuma ba kowane giris ba: wanda littafin bindigarka ya ambata, galibi na silikon irin Dow 33. Wasu masu guduma kuma, irin su Ego, a gudumar ɗigon mai suke so. Kada ka aro na wani iri ka sa wa wani, balle man keke ko na mota. In za ka cire zobe, kar ka tono shi da allura ko wuƙa. Na taɓa karce ramin da zoben ke zama, karcen da sai ka karkata shi a haske za ka gani, ya hana ni barci mako biyu ina sauya zobba ina mamakin me ya sa yoyon bai tsaya ba. Matse zoben ake yi da yatsu biyu har ya ɗan tasa, sai a zaro. Yoyo kuma ba a nemansa da zato. Ruwan sabulu kaɗan a mahaɗa, inda kumfa ta taso nan ne.

Idanu ma sun koya mini hankali. A cikin maƙogwaron bindigar akwai 'yan idanu biyu masu jefa wa juna hasken da mutum ba ya gani, aikinsu su hana harbi sai ƙwallo ya zauna daram. Ranar da fenti ya ɓata su suka ƙi gani, sai na kashe su daga allo na ci gaba da wasa, ina jin na yi dabara. Boltin ya riƙa datse ƙwallo rabi a ciki rabi a waje, bututu ya cika da fenti, harbi ya riƙa lanƙwasa hagu da dama. Aikin minti biyar ne da ɗan auduga na guje wa. In ka buɗe murfin idanun, ka duba 'yan robobin da ke riƙe ƙwallo a wurin. In sun cinye, biyu-biyu za ta riƙa turawa.

Batun kunama kuwa kunya ce kawai. Na rage tazararta har numfashi ma ya isa ya harba ta, na kuma rage saitin da ke hana allo ƙirga rawar maɓalli a matsayin sabon harbi. Sai ta koma harbin kanta, in na taɓa sau ɗaya ta saki huɗu. Alƙalin wasa ya karɓa ya gwada a gaban jama'a ya fitar da ni. Abin dariyar shi ne a gasar NXL ma, inda ƙwararru ke karawa, ƙwallo 10 da ɗan ɗoriya a sakan aka iyakance. Saurin da nake nema babu inda za a bar ni in yi amfani da shi.

Bututu na tsada ban hana ku saye ba, amma ku fara da fenti mai kyau. Ƙwallon da ake kira .68, wato faɗinsa a ma'aunin inci, ba kullum yake .68 ba, ɓawonsa na jelatin ne, laima na kumbura shi, sanyi na sa shi saurin fashewa, in ya daɗe a ajiye ba a juya jakar ba sai ya lotsa. Babu bututun da zai miƙar da lotsattsen ƙwallo.

Sauran biyun da zan faɗa ba na asarar kuɗi ba ne, na jiki ne. Tankin iska yana ɗauke da psi 3000 in na alminiyam ne, 4500 in na zaren kabon ne. Kada mai ko giris ya kusanci bakin da ake ɗura masa iska, don mai a ƙarƙashin irin wannan matsi yana iya kamawa da wuta. Ka duba kwanan da ke jikinsa: yawancinsu duk shekara 5 ake kai su a gwada ƙwarinsu da matsin ruwa, na kabon kuma galibi shekara 15 ce ƙarshen rayuwarsu. Kar kuma ka ɗaura wa irin wannan bindiga tankin CO2 sai in littafinta ya yarda, don in ruwansa ya shiga ciki yakan daskarar da zobba ya lalata solenoyid. Regileta ta jikin tanki ba wurin koyon gyara ba ce, a bar wa masu ita.

Na ƙarshen, cire tanki ba ya nufin iska ta ƙare. Akan samu ragowar harbi ɗaya ko biyu a cikin regileta. Wata rana na dawo gida a gajiye, na kwance tanki, na cire mazubin ƙwallo, na ɗora ta a kan tebur zan goge. Ban sa safar bututu ba, ban kashe allo ba, abin kare fuska yana cikin jaka. Gwiwar hannuna ta gogi kunama. Ashe akwai ƙwallo ɗaya a maƙogwaro. Ya wuce ta gefen kunnena da gudun da ya kusa ƙafa 300 a sakan, ya fashe a bango. Na daɗe zaune ina kallon ruwan ɗorawan nan yana gangarowa, hannuna na rawa. Yanzu kafin alanki ya taɓa ta, sai na cire mazubi, na cire tanki, na leƙa maƙogwaro ta sama, na juya bakinta inda ba kowa na yi harbin banza har ta daina ƙara, sannan in zare batir. Tabon yana nan a bangon, ban goge shi ba.