Likkafanin Inna

Talata. Zafi tun da asuba, an kuma ɗauke wuta kafin in gama guga.

Auta ta dawo daga lakkol da darasin falsafa, bak, jarrabawar gama sakandare, ta matso, wai in taya ta. Heidegger ne, Bajamushen nan da littafinsa ya fito a 1927. Na faɗa mata iya abin da na riƙe tun Jami'ar Abdou Moumouni ta nan Yamai: a wurinsa tsoro yana da abin da za ka nuna da yatsa, kare ko ɓarawo, fargaba kuwa ba ta da shi, haka kawai take sauko wa mutum ta tuna masa kwanansa ƙidayayye ne. Ya ce kuma ba mai mutuwa a madadin wani, sai dai mutane sun iya zancen mutuwa tamkar maƙwabci kaɗai take ɗauka.

Inna na gefe tana tsinkar zogale, ashe kunnenta na wurinmu. "Shi wannan Baturen ya taɓa wankan gawa?" Na ce Inna, malamin jami'a ne fa. Ba ta tanka ba. Ta shiga ɗaka, ta fito da ƙullin farin yadi daga ƙasan akwatinta, sai ƙamshin kafur. Likkafaninta ne, tun zuwanta Makka ta jiƙa shi da zamzam. Ta warware shi a kan tabarma tana duba ko gara ta taɓa, kamar mai duba zanen biki. "Ga nawa nan. Ke ina naki?" Auta ta tuntsire da dariya. Ni dariyar ta ƙi zuwa.

Har yamma abin na cina. Kullum bakina na cewa mutuwa rigar kowa, makon jiya ma na faɗa a gidan makoki a unguwar Yantala, muna fitowa muka koma zancen tsadar shinkafa. Ni dai Bajamushen ya gano ni, Inna ce bai gano ba. Shi a bakin kabari ya ja birki, abin da ke bayansa ya ce ba hurumin bincikensa ba ne. Ita kuwa daga can lissafinta ya fara.

Da la'asar cunkoso ya tsare mu a gadar Kennedy. Kogi ya ja baya, duk yashi a waje, ƙirjina ya yi nauyi ba gaira ba dalili. Mai taksi wai ba shi da canji.

Auta ta rantse sai ta sa tambayar Inna a takardar jarrabawa. Na ce ta kuskura.