Daga Yauri zuwa Birnin Kebbi da jita a cinya

Jitar lantarkin da nake kaɗawa a bukukuwan aure a Yauri ta gwanjo ce, a kasuwar Sabon Gari ta Kano na saye ta. Itacenta mai kyau ne, wuyanta bai karkace ba, amma tana da ciwo guda: da zarar an jona ta da amfilifaya sai gurnani ya tashi a sifika, ko ban fara kiɗa ba. In aka tayar da janareta kusa da rumfa kuwa, abin sai ya ninka. Mai kalangunmu yana haƙuri, mawaƙinmu ba ya yi. Na yi ta tara kuɗi har na aika wa wani abokina da ke kasuwar Alaba a Legas, ya sayo mini maɗaukan sauti guda biyu, waɗanda makaɗa ke kira fikof, da sababbin bolum, da waya, da hannun girgiza sauti ƙirar Bigsby. Kaya sun iso, saura mai haɗawa. Wani tsohon makaɗi ya ce in tafi Birnin Kebbi, akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifayar masallatai da ya taɓa yi masa irin wannan aiki.

Na fito bayan sallar asuba, hunturu ya kankama, hazo ya rufe Kwara har ba a hango tsallake. A tasha direba ya miƙo hannu zai cusa jitar a but, inda buhunan albasa suka riga suka cika. Na ce a'a, na biya kuɗin mutum biyu, na rungume abata. Wuyan jita ba ya son nauyi, ba ya son zafin but, kuma in ya lanƙwashe kuɗin kujera ba zai miƙe shi ba. Wata dattijuwa da ke gefena ta dubi jakar ta ce, “Ɗana, garaya ce?” Na ce, “Ƙanwarta ce, Inna, ta Turawa.” Ta yi dariya, ta gyara mini wuri don kan jitar ya samu inda zai jingina.

A shingen jami'an tsaro sai da na zuge jakar, aka leƙa, aka ce mu wuce. Mun sha fura a Koko, muka bi ta Maiyama. Inda na fi so a wannan hanya shi ne gab da Jega, in an hau gadar Gulbin Zamfara: sama duk ƙura, ƙasa kuwa fadama kore shar, injinan ban-ruwa na ta ƙugi, manoman rani sun duƙa cikin shinkafa da albasa. A Jega na sauya mota, muka ratsa Kalgo, kafin azahar muna Birnin Kebbi.

Shagon ɗan ƙarami ne a wani lungu bayan kasuwa, rediyoyi jibge har rufi, ƙanshin dalma ya cika shi. Na durƙusa na gaida Baba, na ajiye masa bandar kifin da na zo da ita daga gida. Ya tambayi mutanen Yauri, ya tambayi hanya, sannan ya ce, “To, mi ka damun ta?”

Bai buɗe komai ba tukuna. Ya sa yaronsa ya jona ta da wata tsohuwar amfilifaya, gurnanin ya tashi. Ya ce, “Aza hannunka bisa tsirkiya.” Na aza. Babu abin da ya sauya. Ya ce, “Ka jiya? Da wayar ƙasa na nan, da ya ragu.” Da ya kwance murfin baya sai ga ta, wata 'yar baƙar waya da ya kamata ta haɗa ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi da bayan bolum, ta tsinke tana lilo. Rabin ciwon ke nan, kuma ba a Legas maganinsa yake ba.

Sauran rabin daga fikof ɗin ne. Abin ba wani sihiri ba ne: maganaɗisu ne aka nannaɗe shi da wayar jan ƙarfe siririya ƙwarai, zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe in ta girgiza a kansa sai ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Matsalar ita ce naɗi guda ɗaya ba ya zaɓe. Yana kwasar girgizar tsirkiya, yana kuma kwasar ta wutar gari da ta janareta, wadda a ƙasarmu take juyawa sau 50 a daƙiƙa. Wannan ne gurnanin. Sababbin da na sayo masu naɗi biyu ne, irin da Seth Lover ya ƙirƙiro wa kamfanin Gibson, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Ana juya naɗin ɗaya saɓanin ɗaya, a juya fuskar maganaɗisun ma, sai gurnanin da ya shiga wannan ya kashe wanda ya shiga wancan, sautin tsirkiya kuma ya haɗu ya yi kauri. Baba bai san sunan Baturen ba, amma da ya ɗora mitarsa a kan wayoyin ya ga kusan 8 a ma'aunin kilo-om, sai ya gyaɗa kai ya bayyana mini yadda abin ke aiki tun kafin in buɗe baki. Ya shekara da shekaru yana naɗa tiransifoma da hannunsa.

Ramukan jitar sun yi wa sababbin kaɗan, aka kira kafintan da ke maƙwabtaka ya faɗaɗa su da cizal, ni kuwa ina tsaye zuciyata na dukan uku-uku.

Aikin waya shi ya cinye yammacin, kuma shi na fi jin daɗin kallo. Baba ya fitar da tsofaffin bolum masu lamba 250k, ya juya ɗaya kusa da kunnena, na ji ƙurar hunturu na ƙaras-ƙaras a ciki. Ya sa masu lamba 500k, don fikof mai naɗi biyu sautinsa ya fi duhu, ƙaramin bolum kuma zai ƙara danne masa kaifi. Ya liƙa kafasita, ɗan ƙaramin abin da ke tace sauti, mai lamba 0.022 a maɓallin da ke rage kaifin sauti. Ya shimfiɗa takardar jan ƙarfe a cikin ramin gaba ɗaya, ya haɗa ta da wayar ƙasa. Abin da ya burge ni shi ne yadda yake kama dalma. Ya kan kankare bayan bolum da wuƙa har ya yi haske, ya ɗora bakin ƙarfe mai zafi a wurin, sannan ya kawo dalmar ta narke da kanta ta kwanta sumul tana ƙyalli. Ba ya daɗewa, don zafi in ya yi yawa yana ƙona cikin bolum. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Bai ko ɗaga kai ba. Yaron ya hura gawayi, ya sa wani tsohon ƙarfe mai kan tagulla a ciki, aiki ya ci gaba. Ni a ganina masu irin wannan hannu sun fi ƙarfin a ce musu masu gyaran rediyo kawai, kuma yana damuna yadda samarinmu ke wuce shagunansu ba sa ko leƙawa.

Na kwana wurin wani ɗan'uwa, da safe muka koma kan hannun girgiza. Paul Bigsby, wani maƙerin babura a Kalifoniya ta Amurka, shi ya ƙirƙiro shi. Nawa mai lamba B50 ne, na jita mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, wanda ake ƙerawa a Asiya da izinin kamfanin. Sanda ce da tsirkiyoyi ke naɗuwa a kanta, da hannu, da sifirin guda ɗaya a ƙarƙashin hannun. Ka danna, tsirkiyoyi su saki, sauti ya sauka. Ka sake, sifirin ya mayar da shi. Ba ya nisa, ɗan lanƙwasa ne kawai, kuma shi nake nema: irin rawar muryar nan da mai goge ke fitarwa da yatsa in waƙa ta kai inda ake so mata su yi guɗa.

Kusoshi huɗu ke riƙe shi, kuma rami in an huda an huda. Baba ya ɗaura zare biyu daga kan jita, ya bi da su ta kan jaki, wato ɗan ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a fuskar jita, har ƙasa, a gurbin tsirkiya ta farko da ta shida. Ya yi ta matsar da ƙarfen har zaren biyu suka miƙe daidai da gefen wuya, sannan ya ɗiga alama. Ya kuma tuna abin da ni ban kawo a raina ba: tunda an cire tsohon ƙarfen da wayar ƙasa ke manne da shi, dole a sama mata sabon wuri. Ya zaro ta ya danne ta a ƙarƙashin sabon.

Ɗaura tsirkiya a Bigsby sai da haƙuri. Zoben da ke gindinta ana saƙala shi ne a wani ɗan tsinke, yana kuma suɓucewa da ka saki. Dabarar ita ce a lanƙwasa gindin tsirkiyar tun farko, a cusa ɗan guntun soso ya tokare ta har a ɗaure. Da muka gama na danna hannun, tsirkiya ta uku ta ƙi komawa saitinta. Baba ya karɓi fensirin yaron, ya goga bakinsa a tsagogin da tsirkiyoyi ke bi a saman wuya, ya ce in sake. Ta koma.

Sai ya sa aka tayar da janareta a bakin ƙofa, da gangan, ya buɗe bolum har ƙarshe. Sifika ta yi tsit. Na kaɗa wani kiɗan amarya da muke yi a Yauri, na riƙe sautin ƙarshe na girgiza shi. Kafinta ya ajiye zarto ya leƙo, masu kabu-kabu biyu suka tsaya. Baba ya ce, “Lahiyatta lau yanzu. Amma ka dinga rufe ta cikin jaka, ƙura ba ta da kunya.”

Kuɗin da ya yanka bai kai abin da na kashe a mota ba, sai da na roƙe shi ya karɓi ƙari. Tsofaffin fikof ɗin na bar wa yaron, don tun jiya yake juya su a hannu yana tambaya. Baba ya ce zai sa shi ya warware ɗaya ya sake naɗa shi da kansa. Na yi sallama, na nufi tashar motocin Jega, don ranar Asabar muna da biki a Shanga kuma ban saba da nauyin sabon hannun ba tukuna.